Motar da Za a Raba da Tiya

Ranar da labarin ya iso mata, Balkisa tana tsakar gida tana tsinkar zogale, rabin hankalinta yana kan wani ɗan batir da ke jone da farantin sola a kan katanga. Saƙon da mijinta Zaidu ya bar mata ke nan da asuba, kafin ya ja kamiyo, babbar motar kaya, zuwa kasuwar Baleyara. Bai ce ga abin da za a dafa ba, bai ce sai ya dawo ba. Cewa ya yi, "Ki cire shi kahin azahar, rana tana cinye shi."

Ana gab da kiran salla ta ji sallama a zaure. Ɗanjimma ne, mai walda, abokin Zaidu tun suna kiwon awaki. Ɗanjimma bai taɓa jiran a amsa masa sallama a gidan nan ba. Daga bakin ƙofa yake fara tsokanar Zaidu, yana shigowa yana ƙarawa. Ran nan ya yi sallama ya tsaya, ya sake yi ya tsaya. Tun bai buɗe baki ba Balkisa ta ajiye tiren.

Ya ce an kira shi a waya. Zaidu ya sauke kaya lafiya, ya sha shayi a inuwar mota, ya jingina da taya ya ce bari ya ɗan huta. Da masu lodi suka zo tashinsa, sai suka tarar rai ya yi halinsa.

Balkisa ta yi salati. Sai ladan ya kira azahar. Ta miƙe, ta je katanga, ta cire batirin ta kai shi inuwa kamar yadda aka ce mata. Daga nan ne ta zauna a ƙasa.

Batirin na mota ne, amma ba na kamiyon ba. Kamiyon na wani Alhaji ne, Zaidu tuƙi kawai yake yi masa. Motar Zaidu ta kansa tsawonta bai fi daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, kuma da bulon roba ya gina ta.

Shekarun baya ne ya je Yamai, a kasuwar Katako ya ga wani buhu cikin kayan gwanjo, cike da ƙananan bulon roba, irin masu ƙuraje a sama da ake danna ɗaya kan ɗaya su kama juna. Ya saya, wai tsaraba ce ga jikansa na Bonkuku, ɗan 'yarsu Anisa. Da ya zazzage buhun a tabarma sai ga tayoyi, ga sanduna masu huji, ga ƙananan haƙoran giya, ga wani ɗan inji da bai fi kwalin ashana ba, ga ɗan akwatin da ake riƙewa a tuƙa motar daga nesa, wanda suke kira telekoman. Jikan dai har ya shiga lekol, wato makarantar boko, bai ga buhun ba.

Da maganar ta fita gari, wai direba mai furfura yana rarrafe a tsakar gida bayan abin wasan yara, sai Malam Abdulgafar ya zo yi masa nasiha. Shi tsohon shugaban lekol ne, duk garinsu Filinge Direkta ake ce masa. Ya zauna a kujera, ya gyara tabarau, ya fara da girman shekaru da abin da mutane ke faɗi bayan sallar Juma'a. Zaidu bai musa masa ko kalma ba. Ya miƙa masa telekoman ya ce, "Direkta, riƙe mini wanga in zuba maka shayi."

Direkta ya karɓa yana ci gaba da nasiha. Babban yatsansa ya sauka a kan maɓalli. Motar ta zabura ta daki buta. Ya ce subhanalla, ya danna ɗayan maɓallin don ya gyara ɓarnar, motar ta ja baya ta taka masa ƙafa. Nasihar ba ta ƙare ba har yau, don sai da aka kira magariba ya mayar da telekoman, shi ma sai da aka roƙe shi. Wata bai zagayo ba ya yi saƙon nasa buhun daga Yamai.

Balkisa tana bakin murhu ta ga komai. Ta riƙe abin a ranta.

Ɗanjimma ba a ma sha wahala da shi ba, shi ma ya samo nasa buhun. Daga nan su uku suka zama ba su da aiki duk yammacin da Zaidu ke gari sai gardama. Kowa da motarsa, kowa da ra'ayinsa. Har wata ƙungiya suka shiga a waya, ta masu irin wannan gini, mutanen Yamai da Lome da Abijan, ana aiko da hotuna ana zagin aikin juna cikin ladabi.

Direkta ya ce mota ta daji ƙarfi take so, ba gudu ba. A jera mata haƙora a rage mata sauri, kuma ta zama launi ɗaya, don abin da bai yi kyau a ido ba ba zai yi kyau a hanya ba. Motarsa shuɗiya ce tas, tana tafiya a hankali har kaza kan wuce ta, ta dawo ta duba ko lafiya.

Ɗanjimma ya ce inji biyu, manyan tayoyi, a taka. Tasa kan tashi kamar an harbo ta, kuma kullum sai Balkisa ta tsinci ƙofarta ko fitilarta a gindin randa.

Shi kuwa Zaidu cewa yake yi su biyun ba su taɓa kwana a rairayi da lodin gero ba. Nauyi ya sauka ƙasa, batir ya zauna tsakanin tayoyi, tayoyi huɗun duk su ja, ƙafafun su iya lanƙwasa su bi ƙasa. Launi bai dame shi ba, duk bulon da hannunsa ya kai shi yake dannawa, ja da toka da ruwan ɗorawa. Direkta kan ce kallonta na sa masa ciwon kai. Ɗanjimma ya sa mata suna Tsohuwa.

Alƙalinsu tulin yashi ne. Zaidu ya ɗebo shi daga ƙorama ya zube a kusurwar gida don ya gina wa Balkisa ɗakin girki, ta daina dahuwa a fili in damina ta faɗi. Ɗakin bai tashi ba, don tun a makon farko aka gano tulin ya fi dacewa da gwajin mota. Ba motar da ta taɓa kaiwa ƙololuwarsa. Ta Direkta takan kai rabi ta tona wa kanta rami ta zauna. Ta Ɗanjimma takan wuntsila ta faɗo tayoyi a sama. Tsohuwa ce ke zuwa kusa, sai ta fara zamowa baya.

"Ɗakin girkina dai kuke takewa," Balkisa kan ce in ta kawo musu shayi.

"Ran da ta hau, ran nan za a kira magini," in ji Zaidu.

Ana saura kwana biyu ya tafi Baleyara, ya wargaza Tsohuwa gaba ɗaya ya sake gina ta tun daga ƙasa. Wuni guda ya yi a gindin bishiyar bedi. Balkisa na gefe tana tankaɗe, yana cewa miƙo mini baƙar sanda, ba wagga ba, gajerar. Da ya danna bulo na ƙarshe ya ɗaga motar ya juya ta a hannu ya ce, "In na dawo za ta hau. Ki shirya guɗa." Bai gwada ta ba, yana jiran abokansa su taru su sha kunya a gabansa.

An kawo gawar Zaidu gida, an yi masa sutura, an yi zaman makoki. Balkisa ta shiga takaba. Anisa ta zo daga Bonkuku ta zauna da ita. Mutane suka yi ta zuwa suna komawa, motar tana kan kwaba a ɗaki inda ya ajiye ta.

Da arba'in ta matso, Jatau ya iso daga ƙauyensu na cikin ƙasar Kurfai a kan amalanken shanu, shi da matarsa Tanne. Jatau yayan Zaidu ne, manomi, mutum mai gaskiya da taurin kai daidai wa daida. Ya zo ne a raba gado, don a ganinsa duk abin da aka bari ba a raba ba nauyi ne a kan mamaci, ko da allura ce.

Tanne ta kama wankin kayan marigayi, riguna da huluna da bargo. Mace ce mai son aiki. Balkisa ta fito alwala sai ta hango ta ɗauke da Tsohuwa, tana nufar baho mai kumfa.

Ba ta san lokacin da ta tsallake tsakar gidan ba. Ta karɓe motar da hannu biyu ta rungume.

"Ƙura na gani a jikinta," in ji Tanne.

"A bar mata ƙurarta."

Ta koma ɗaki ta zauna da ita a cinya. Rigunansa an wanke, sun koma ƙamshin sabulu. Amma wannan, kowane bulo yana inda yatsansa ya danna shi. Akwai wani ja da ya sa a karkace kusa da tayar baya, ta ce masa ya karkace, ya ce a bar shi haka. Yana nan a karkacensa.

Da yamma liman ya zo ya yi bayanin rabo. Balkisa tana da tumuni, Anisa rabi, abin da ya rage na Jatau. Abin da ke rabuwa a raba shi, abin da ba ya rabuwa, kamar rediyo ko akuya, wani ya ɗauka a daidaita da sauran. Anisa ta yi maza ta ce to motar ai ba ta rabuwa, a bar wa Inna.

Jatau ya girgiza kai. "Tana rabuwa. Da idona na ga Zaidu ya ɓaɓɓalle ta ya zuba a kwano, ta zama kamar tsakuwa. Abin da anka iya zubawa a kwano ai ana iya auna shi. Na taho da tiyata."

Tiyar da yake auna gero da ita yake nufi.

"Baba, to ni na ba Inna kasona," in ji Anisa.

"Madalla, ɗiyata. Sai a auna a ba ki, ki gani da idonki, sannan ki ba ta. Ni kuma nawa kason, jikokina na jiransa."

Liman ya duba motar, ya duba kwanon bulon da suka yi saura, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da irin wannan a karatu ba, amma maganar Jatau ba ta fita hanya ba. Aka sa rabo jibi da hantsi.

Washegari Direkta da Ɗanjimma suka zo gaisuwa, don labarin tiya ya kai musu. Suka zauna a ƙofar ɗaki, Balkisa tana ciki bayan labule. An yi addu'a. Sai Direkta ya yi gyaran murya ya yi ƙasa da ita.

"Uwargida, wagga mota ba ta kamata ta shiga tiya ba. Ki ba ni ita in ɓoye, in an tambaya a ce aro na ɗauka. Ba abin da zan taɓa mata. Illa dai haƙoran baya, in rage mata gudu kaɗan, don marigayi, Allah shi jiƙan shi, ya yi kuskure a nan."

"Allah shi jiƙan shi," in ji Ɗanjimma, shi ma a hankali. "Amma in ka rage mata gudu ai ta zama taka, kunkuru biyu ke nan a gari guda. Ni za ki ba, Balki. Inji guda kawai zan ƙara mata."

"Ka ƙara mata inji ta tashi sama kamar taka?"

"Tawa ko ba komai tana motsi. Taka in ta tashi da sahe sai an bi ta da abincin rana."

"Kai da ba ka san bambancin ƙarfi da hauka ba."

"Direkta, a gidan makoki muke."

"Kai ka fara."

Muryoyin da suka fara da raɗa suka yi ta hawa. Bayan labule Balkisa ta ji wani abu ya taso mata daga ciki, ta toshe baki da mayafi. Dariya ce, ta farko tun ranar Baleyara, ta zo tare da hawaye. Tsakar gidan ya yi sati da satittika bai ji wannan hayaniyar ba.

Amma ta gane abu guda. In ta ba ɗayansu, kafin sati motar ta zama wata mota. Su da tiyar Jatau duk ɗaya ne.

Ta ce, "Na gode. Ku dai taho gobe ku zama shaidu."

Da sassafe ta jona batir a sola. Da ya cika ta sa shi a cikin Tsohuwa yadda ta sha ganin ana yi, ta tura ɗan maɓallin da ke ƙarƙashi har wata 'yar fitila ta kama. Telekoman kuwa ta riƙe shi cikin hijabi.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Liman a tsakiya, Jatau a damansa, shaidu biyu a gefe, Balkisa da Anisa da Tanne a bakin ƙofar ɗaki. Aka raba tufafi, aka daidaita rediyo da awaki, ba wanda ya ɗaga murya. Sai aka jawo kwanon bulon da suka yi saura.

Jatau ya nutsa tiya ya ciko ta, ya sa tafin hannu zai share bakinta kamar yadda ake yi wa gero. Bulon suka ƙi kwanciya, wata sanda ta soke shi a hannu. Ya girgiza tiyar, ya danna, ya zube a gaban Anisa. Ya sake cikowa.

Direkta ya rufe ido. "Malam Jatau, tayar nan da ka zuba wa Anisa, 'yar'uwarta tana cikin kasonka."

"To kowa ya samu taya ke nan."

"Taya guda mi za ta yi wa mutum?"

"Ni dai awo nike yi."

Ɗanjimma ya juya baya yana kallon katanga, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Da kwano ya ƙare, Tanne ta ɗauko Tsohuwa ta ajiye a tabarma. Jatau ya tsuguna a kanta yana neman inda zai fara ɓallewa. Ya kama rufin gaba da yatsu biyu.

"Yaya," in ji Balkisa.

Ya ɗago.

"Wanga ma cikin gado yake." Ta ba Anisa telekoman ta miƙa masa. "Riƙe shi ka duba ko shina aiki, kada a auna wa mutane mataccen abu."

Jatau ya saki rufin ya karɓa. Ya juya shi gaba da baya kamar wanda aka ba ƙwai. Babban yatsansa, wanda riƙon kalme a gona ya mayar kamar icce, ya sauka a kan maɓalli.

Tsohuwa ta yi ƙara ta zabura. Ta haye takalmin liman, ta ture tiya, ta sauka daga tabarma ta miƙe tsakar gida, kaji suna watsewa. Jatau ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya ɗaga yatsa, ta tsaya. Ya danna, ta tafi. Ya duba telekoman, ya duba motar, ya sake dannawa. Sai da ta kai gindin tulin yashi ta tsaya, hancinta na kallon sama.

"Nan ta tsaya," in ji Ɗanjimma. "Ba ta hawa. Inji guda ne."

"Ba ta hawa," in ji Direkta. "Gudu ya yi mata yawa."

Tun da aka fara gardama a gidan nan, ranar ce ta farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Balkisa ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Shi dai ya ce za ta hau."

Jatau ya juyo. "Wa ya ce?"

"Ƙanenka. Kwana biyu kahin ya tahi. Ya ce in ya dawo za ta hau, in shirya guɗa."

Jatau ya dubi Direkta daga hula har takalmi, ya dubi Ɗanjimma. "Zaidu ya ce za ta hau, ku kun ce ba ta hawa. Shi da ya tsufa bisa hanya. Kai mi ka taɓa tuƙawa ban da alli?"

"Malam Jatau, wannan magana ce ta lissahi," in ji Direkta.

"Matsa."

Ya danna. Tsohuwa ta kama yashi, ƙafafunta na lanƙwasa, ta wuce inda ta Direkta ke tsayawa, ta wuce inda ta Ɗanjimma ke wuntsilawa. Sai tayoyin suka fara juyawa a wuri ɗaya, ta zamo baya a hankali har ƙasa.

"Ka gani," in ji Ɗanjimma.

"Ba abin da na gani. Gabanta ya yi sakayau. Ko amalanke in za ka hau tudu, gaba kake matso da kaya." Ya tsinci dutse ya ɗora mata a kan hanci. Ta hau da kyau, ta kai inda ta kai ɗazu, sai hancin ya nutse, gindin ya tashi, ta mirgino ta kwanta a gefe tayoyi na juyawa.

Direkta ya yi dariya har ya cire tabarau. "Amalanke ke nan."

Jatau ya kakkaɓe ta da bakin rigarsa, ya ce laifin hanya ne, ba a fuskantar tudu kai tsaye, karkacewa ake yi. Ya karkace, ta zame ta gefe. Tanne ta ce ya ja baya ya zo da gudu. Ya ce mata ta bar maganar maza, sannan ya ja baya ya zo da gudu, bai yi ba. Liman, wanda ya zo kusa don ya ɗauki takalminsa, ya ce shi a ganinsa da an yayyafa wa yashin ruwa. Su ukun suka haɗa baki suka ce masa wannan maguɗi ne. Ya ce Allah ya ba su haƙuri.

Rana ta take tsaka. Rigar Jatau ta jiƙe, gwiwoyinsa duk yashi. Ɗanjimma ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gwada, Jatau ya ɓoye telekoman a bayansa.

Liman ya ce, "To, azahar ta gabato. Rabon fa?"

Jatau ya tsaya yana haki. Ya dubi tiyarsa da ke kife a ƙasa, ya dubi tulin.

"Ba a taɓa ta sai ta hau. Ba ni bari a ce ɗan'uwana ya faɗi magana ta faɗi ƙasa. Ran da ta hau, a kawo tiya."

Liman ya ce in magada duka sun yarda abu ya zauna a tsakaninsu, ba laifi. Anisa ta ce ta yarda tun bai rufe baki ba. Aka juyo ga Balkisa.

"Yadda Yaya ya ce. Sai dai in ita za ta hau, ta hau yadda ya gina ta. Kada a cire mata komai, kada a ƙara."

"Haƙori guda kawai," in ji Direkta.

"Ai ko makaho ya san inji," Ɗanjimma ya fara.

"Kun ji abin da ta ce," in ji Jatau. "Hannun ƙanena ya ɗora ta. Mai son gyara ya gyara tashi."

Ladan ya kira salla. Balkisa ta aiki Anisa ta karɓo motar, ta kashe ta, ta kai ta inuwa.

Tun daga ranar, duk kasuwar Filinge sai Jatau ya zo. Ya sayar da abin da ya kawo, ya ɗaure shanunsa a ƙofar gida, ya shigo yana cewa ya zo duba kasonsa. Direkta da Ɗanjimma sukan riga shi, kowa da motarsa a hammata. Ɗanjimma ya ɗauki hoton Tsohuwa tana zamowa ya aika wa ƙungiyarsu ta waya. Wani mutumin Abijan ya ce tayoyin ne suka yi ƙanana. Jatau ya sa aka danna masa wayar ya ba shi amsa da Hausa, doguwa, wadda mutumin bai ji ko kalma ba, amma ya aiko da godiya.

Balkisa ta fita takaba, damina ta zo ta wuce, tana girki a fili da buhu a ka in ruwa ya sauko. Wani lokaci tana bakin murhu sai ta ji ƙarar ɗan injin a bayanta, ta juyo da sauri, sai ta ga Jatau ne. Takan ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da fifita wuta.

Wata ranar kasuwa, bayan ruwan ƙarshe ya danne yashin, Tsohuwa ta kama hawa ba ta zame ba. Ta wuce rabi, ta wuce inda take tsayawa, ta yi ta tafiya har ya rage mata bai fi tafin hannu ba. Gardama ta ɗauke. Direkta ya riƙe tabarau a hannu. Balkisa tana tsaye da tiren shayi, ba ta san abin da take roƙo ba. Tana son maganarsa ta tabbata, tana kuma tuna ran da ta hau za a kawo tiya.

Sai motar ta tsaya. Ta ɗan yi jim, ta zamo baya.

"Batir ya yi sanyi," in ji Jatau.

Ba wanda ya musa, har Ɗanjimma. Balkisa tana ganin kamar ta ga babban yatsan nan ya ɗaga daga kan maɓalli, amma ba ta tambaya ba, ta ajiye musu shayi.

Kasuwar da ta biyo baya Jatau ya iso da amalanke cike da yashi. Ya ce ya lura na ɗakin girkin ba zai isa ba in an tashi gini. Shi da kansa ya kwashe shi da shebur, kuma duk faɗin kusurwar nan bai ga inda zai zuba ba sai a kan ƙololuwar tulin.

Har yau ɗakin bai tashi ba. Kullum da safe Balkisa takan jona batir a sola, sannan ta ɗauki tsintsiya. Kaji da iska da tayoyi suna gangaro da yashi, ya bazu har bakin randa. Takan share shi wuri ɗaya, ta kwashe a tsohon faranti, ta zagaya ta gefen da motoci ke hawa, ta yi ɗage ta juye shi a sama. Kafin azahar ta cire batirin ta kai shi inuwa.